Kowane Gida Da Autansa: Abin Da Ya Hana 192.168.1.1 Ƙetare Ƙofar Gida

Duk mai akwatin Wi-Fi a gida ko a shago, ya kifa shi ya duba 'yar takardar da aka manna a ƙasansa. Zai ga lamba mai gida huɗu da ɗigo a tsakani: 192.168.1.1, ko 192.168.0.1, in kuwa ƙaramar MiFi ce ta Huawei irin ta aljihu, 192.168.8.1. Ya leƙa gidan maƙwabcinsa, lambar nan dai zai tarar. Haka abin yake a Damagaram, haka a Jidda, haka a Tokyo. Miliyoyin na'urori ne ke amsa wannan lamba a lokaci guda, kuma babu wadda ta san da zaman 'yar'uwarta.

Ni abincina a wannan harka yake. Ina jan waya, ina haɗa kwamfutoci a makarantu da ofisoshi, ina kafa kyamarorin tsaro a shaguna a nan Kano. Wata rana na kafa wa wani alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari kyamara. Muna cikin shagon na haɗa wayarsa da Wi-Fi, na rubuta 192.168.1.64, lambar da kyamarorin Hikvision ke zuwa da ita daga masana'anta, sai ga yaransa a fuskar wayar suna ninke shadda a kan kanta. Ya ji daɗi, ya zaro biro ya kwafe lambar a bayan wani rasit. Muka rabu a kan zan dawo in ƙarasa masa saitin kallo daga nesa. Bai jira ba. Bayan sallar isha'i sai ga kiransa.

"Injiniya, abin nan naka fa ya mutu. Na sa lambar, sai juyawa kawai yake yi."

"Ranka ya daɗe, kana ina yanzu?"

"Ina gida mana."

"To ai wannan lambar a cikin shago kaɗai take aiki, Alhaji."

"Ikon Allah! Lambar wayata ko Makka na je tana shiga. Wannan wace irin lamba ce da ba ta san hanyar Kwari daga Gwammaja ba?"

Tambayarsa tana kan hanya, kuma amsarta na buƙatar a san yadda saƙo ke tafiya. Duk abin da ya fita daga wayarka, saƙon murya ne ko hoto ko kuɗin da ka tura ta manhajar banki, ba a dunƙule yake tafiya ba. Yayyanka shi ake yi, kowane yanki a sa shi a fakitinsa, a goshin fakitin a rubuta lambobi biyu: ta inda ya fito da ta inda za shi. Daga nan na'urorin da muke kira rauta su yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Rauta ba ta san dukan hanyar ba, ba kuma ruwanta da abin da ke ciki. Za ta dubi lambar inda za shi, ta duba kundinta, ta ga ta wace waya ya dace ya fita, ta cilla shi, ta manta da shi. Fakitin da ya tashi daga Kano kan bi ta hannun rauta goma sha wani abu, ya gangara Legas, ya shiga wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, ya ɓulla a Turai kafin ka ɗaga yatsa daga fuskar waya.

Wannan kundin shi ne zuciyar maganar. Intanet ba mallakar kamfani ɗaya ba ne. Cibiyoyi ne masu zaman kansu fiye da 70,000, irin su MTN da Airtel da Google da jami'o'i da bankuna, kowacce tana shelanta wa maƙwabtanta cewa lambobi daga kaza zuwa kaza nata ne, mai nemansu ya biyo ta wurinta. Maƙwabtan su ɗauka su gaya wa nasu maƙwabtan, har shelar ta zaga duniya. Tsarin wannan shela sunansa BGP, kuma Yakov Rekhter na IBM da Kirk Lougheed na Cisco ne suka fara zana shi a 1989, a kan takardun goge hannu, suna zaune wurin cin abinci. Yau layukan da ke cikin kundin manyan rautocin duniya sun kai kimanin miliyan ɗaya. Duk wannan ginin a kan sharaɗi guda ya tsaya: kowace lamba mai ita ɗaya ne tak. Shi ya sa ba a ɗaukar lambar fita waje da ka. Hukumar IANA ce ke riƙe da rumbun, ta raba wa hukumomin yankuna biyar, su kuma su raba wa kamfanoni. Tamu ta Afirka ita ce AFRINIC, mai ofishi a tsibirin Mauritius.

Lambar da Alhaji ya rubuta a bayan rasit ba ta cikin wannan rabo. Irin sunan cikin gida ce. A kusan kowane gidan Bahaushe akwai Auta, kuma in aka ƙwala kiran Auta a tsakar gida, babu mai tambayar wanne. Amma ka rubuta wasiƙa, a bayan ambulan ka sa "Zuwa ga Auta" kawai, ka kai gidan waya. Sunan ba ƙarya ba ne, akwai mai shi, har ma sun yi yawa, kuma yawan nasu ne ya sa ma'aikacin ba shi da jakar da zai jefa wasiƙar. In ma ta wata hanya wasiƙarka ta isa Legas alhali a wurin sunan mai aikowa "Auta" kaɗai ka rubuta, wanda ya karɓa ba shi da inda zai mayar da amsa.

Da gangan aka ware waɗannan sunayen cikin gida. Tsarin adireshin da har yanzu mafi yawanmu ke kai, wanda ake kira IPv4, an rubuta shi a watan Satumba na 1981, kuma lambobinsa gaba ɗaya 4,294,967,296 ne. A lokacin mutanen duniya kimanin biliyan huɗu da rabi ne, kwamfutocin da ke haɗe da juna ta wannan hanya kuwa galibi a jami'a da barikin soja suke. Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara abin, ya sha faɗa cewa shi a ganinsa gwaji ake yi. Don haka aka yi rabon farko da hannu sake. Kamfanin Apple aka ba shi duk lambobin da suka fara da 17, Ford aka ba shi masu farawa da 19, jami'ar MIT masu farawa da 18, kowannensu lamba 16,777,216. Farkon shekarun 1990 masu lissafi suka hango cewa in aka ci gaba a haka rumbun zai ƙare ba da jimawa ba.

Sai aka lura cewa yawancin na'urori ba su da wata hulɗa da waje. Injin buga takarda na ofis, allon da ke nuna lokacin tashin jirgi, na'urar karɓar kuɗi a kanti, duk da 'yan gidansu kaɗai suke magana. A watan Maris na 1994 aka fitar da takarda mai lamba RFC 1597, aka sabunta ta a watan Fabrairu na 1996 ta zama RFC 1918, wadda ake bi har yau. Ta ware yankuna uku: duk abin da ya fara da 10, sai daga 172.16 zuwa 172.31, sai duk abin da ya fara da 192.168. Na farko lamba miliyan 16 da ɗoriya ne, na biyu miliyan ɗaya da 'yan kai, na uku 65,536. Kowa ya ɗauka ya yi amfani da su a cikin gidansa, ba neman izini, ba biyan ko kwabo, amma kada a shelanta su a waje. Lamba 10 ɗin ma gado ce, domin ita ce ta ARPANET, kakar intanet, wadda aka rufe a 1990. Ba kowa ne ya yi na'am ba. Cikin 1994 ɗin wasu injiniyoyi huɗu suka fitar da takardar suka, suna gargaɗin cewa wannan dabara za ta lalata tsarin da kowace kwamfuta ke iya kiran kowace kai tsaye. Ɗaya daga cikinsu, Eliot Lear, daga baya sunansa ya fito cikin marubutan RFC 1918. A ganina gargaɗinsu ya tabbata, sai dai babu wata mafita da ta fi wannan sauri a lokacin.

To a ina ne takamaimai fakitin Alhaji ya mutu? Ya danganta da abin da wayarsa ke kai a daren. In Wi-Fi ɗin gidansa ne, kuma shi ma lambobinsa da 192.168.1 suka fara, fakitin ko ƙofa bai kai ba. Wayar ta ɗauka ɗan gida ake nema, ta yi cigiyar mai lamba 64 a tsakanin talabijin da wayoyin yara, babu wanda ya amsa, ta haƙura. In kuwa datar layinsa ce a kunne, fakitin ya fita, ya shiga cikin kamfanin layin, rauta ta miƙa wa ta gaba da ita, har ya iske ɗayan abu biyu. Ko dai matatar da injiniyoyin kamfanin suka kafa a bakin iyakarsu, wadda ke zubar da duk fakitin da ke ɗauke da lambar cikin gida, ko kuma babbar rauta irin wadda ba ta da ta gaba da za ta jingina da ita. Ita wannan sai abin da ke rubuce a kundinta, kuma babu layin 192.168 a ciki, domin babu wanda ya shelanta shi. Sai ta yar da fakitin.

Abin da mutane da yawa, har da wasu abokan sana'ata, ba su gane ba shi ne lambar kanta ba ta da wani aibu. Rauta za ta iya tura fakiti zuwa 10.4.7.2 kamar yadda take turawa zuwa 8.8.8.8 na Google, in dai an rubuta mata hanya. Manyan bankuna masu rassa daga Sakkwato zuwa Fatakwal da irin waɗannan lambobi suke haɗa rassansu ta layukansu na kansu. Mai kwamfuta ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta tracert 8.8.8.8, zai ga jerin rautocin da fakitinsa ya ratsa. Layin farko akwatin gidansa ne. Sau da yawa layuka biyu ko uku na gaba da 10 ko 172 za su fara, wato yana yawo ne a cikin farfajiyar kamfanin da ke ba shi intanet, sai can ƙasa lambobin waje su fara bayyana. Hanin yarjejeniya ce tsakanin mutane, kuma mutane ne ke tsaronta, kowa a bakin iyakarsa.

Dalilin tsananta tsaron kuwa an gan shi a aikace, ko da a kan lambobin da ke da mai su. Ranar 24 ga Fabrairu, 2008, kamfanin sadarwa na Pakistan ya so toshe YouTube a cikin ƙasar, sai ya rubuta wa rautocinsa cewa hanyar YouTube ta wurinsa take. Shelar ta sulale waje ta hannun wani kamfani na Hong Kong, duniya ta gaskata, YouTube ya ɓace wa kusan kowa na kimanin awa biyu. Mu ma an yi a gidanmu. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa hanyoyin Google suka zube zuwa China Telecom, zirga-zirgar mutane da yawa ta karkata ta Rasha da Sin har tsawon minti 74, kuma kamfanin ya fito ya amsa cewa kuskurensa ne. Wannan fa shela ɗaya ce ta kauce. Da za a bar kowane gida da kowane ofis ya shelanta cewa 192.168.1.1 tasa ce, da kowace rauta ta zaɓi wanda ya fi kusa da ita, saƙonka ya faɗa gidan wani baƙo, gobe kuma ya faɗa na wani daban.

Saura tambayar da mai karatu zai yi: in lambar wayata ta cikin gida ce, yaya nake shiga WhatsApp? Amsar tana cikin akwatin nan na Wi-Fi, wanda fuska biyu gare shi. Ta ciki tana ɗauke da 192.168.1.1, ta waje kuma tana ɗauke da lambar da kamfani ya ba shi. Shi ne mai zaman zaure. Fakiti ya taso daga wayarka da sunan cikin gida, sai ya goge sunan ya rubuta lambar gidan ta waje, ya ƙara wata 'yar lambar shaida, ya rubuta a littafinsa cewa shaida kaza ta wayar wane ce. Amsa ta dawo, ya duba littafin, ya mayar da sunan cikin gida, ya miƙa ciki. Lambobin shaidar sun kai dubu sittin da biyar, shi ya sa adireshi ɗaya ke ɗaukar gida guda ko makaranta guda. Ana kiran dabarar NAT, kuma Kjeld Egevang da Paul Francis ne suka bayyana ta a rubuce a watan Mayu na 1994. Su da kansu a matsayin maganin wucin gadi suka gabatar da ita. Ga shi an haura shekara talatin.

Littafin nan yana da hali guda da ya shafi kowa: sai na ciki ya fara magana ake buɗe masa layi. Baƙon da ya zo daga waje ba tare da an aika masa ba, mai zaure ba shi da wanda zai miƙa wa, sai ya sallame shi. Akwai alheri a nan, domin ɓarayin intanet da ke bin lambobi ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasawa ba sa kaiwa ga kwamfutarka kai tsaye. Amma kada a ɗauke shi maganin ɓarawo. Manhajar da ka sauke da hannunka daga ciki take, kuma ita ke fara kiran waje. Masu buɗe wa kyamara ƙofa ta musamman a akwatin kuma su bar kalmar sirrin da ta zo da ita, su tuna da 2016, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci ta wannan hanya, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka.

A ƙasashenmu abin ya ninka. Ranar 3 ga Fabrairu, 2011, IANA ta raba ragowar abin da ke rumbunta. Amurka kaɗai tana riƙe da fiye da kashi ɗaya bisa uku na lambobin, Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Layukan da ke shiga intanet a Najeriya sun haura miliyan 100, alhali lambobin waje da ke hannun ƙasar ba su kai abin da Apple shi kaɗai ke riƙe da shi ba. Don haka kamfanonin layi suka gina nasu zauren a gaban naka. Fuskar waje ta akwatinka ma ba ta waje ba ce ta gaskiya, lamba ce mai farawa da 10, ko daga yankin 100.64 zuwa 100.127 da aka ware musamman don wannan a 2012. Kai da ɗaruruwan mutanen da ba ka sani ba da lamba ɗaya duniya ke ganinku. Shi ya sa wani lokaci shafi zai tsare ka ya ce ka tabbatar kai mutum ne, ko ya ce ka cika yawan gwadawa alhali yanzu ka zo. Laifin wani ne ya shafe ka. A farkon 2007 irin haka ta faru da ƙasar Katar, inda Wikipedia ta toshe adireshi ɗaya saboda masu ɓarna, sai aka tarar kusan duk ƙasar ta nan take fitowa.

Shi ya sa kyamarorin yanzu ke zuwa da manhajar kamfaninsu. Tunda ba a iya kiran kyamarar daga waje, ita ce ke kiran wata kwamfuta ta kamfanin a wata ƙasa ta riƙe layin a buɗe, wayar mai shago ma ta kira can, a haɗa su. Yana aiki, kuma shi nake saita wa yawancin masu shaguna. Amma ina gaya musu gaskiya cewa tsakanin shagonsu da gidansu akwai na uku, kuma duk ranar da kamfanin ya rufe wannan hidima ko ya sa mata kuɗi, ba su da ta cewa. Wannan ne abin da ya fi damuna a duk lamarin. Yaron da ya koyi haɗa shafi a Kano ba zai iya ɗora shi a kan tsohuwar kwamfutar ɗakinsa duniya ta gani ba, sai ya yi hayar wuri, galibi da dala. Lambar waje ta zama kadara. A 2011 Microsoft ya sayi 666,624 daga hannun kamfanin Nortel da ya karye a kan dala miliyan 7.5, kuma tun Fabrairun 2024 Amazon ke cajin masu haya a wurinsa kuɗi a kan kowace lamba, kowace awa.

Maganin dindindin yana nan tun shekarun 1990, wato IPv6, wanda yawan lambobinsa sai an rubuta alƙaluma 39 a jere. A ƙarƙashinsa kowace waya da kowace kyamara za ta iya samun lambarta ta waje. An ƙaddamar da shi gadan-gadan ranar 6 ga Yuni, 2012, kuma ƙasashe irin su Indiya da Faransa sun yi nisa, mu kam muna can baya. Ko a cikinsa an ware yankin cikin gida, mai farawa da fd, wanda shi ma ba a shelanta shi a waje, sai dai an tsara kowa ya zaɓi tsakiyar lambarsa da ƙuri'a don kada ta yi karo da ta wani ranar da ofisoshi biyu suka haɗe.

Kafin wannan ya iso unguwarku, mai son ya san matsayinsa ya shiga shafin saitin akwatinsa ya duba lambar da ke gaban WAN, sannan ya tambayi Google lambar da ake ganinsa da ita. In sun zo ɗaya, yana da ƙofarsa ta waje. In ta akwatin ta fara da 10 ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, duk wata ƙofa da zai buɗe a akwatin aikin banza ne, sai dai ya je ofishin kamfanin ya nemi lambar waje tsayayya, kuma ya tafi da shirin ƙarin kuɗi duk wata.